Shekarar da Mashin ɗin Babanku Ya Yi Tari

Ranar bikin jikata ina zaune a bayan rumfa ina hutar da ƙafa, sai na ji ɗaya daga cikinku yana ba 'ya'yansa labari, wai kakarku Iya da gangan ta lalata mashin ɗin babanku don a kore ni daga aiki a kwashe ku. Dauda, kai ne, kada ka waiwaya neman wani. Ban tanka ba don taron biki ne, amma abinci bai ƙara shiga bakina ba ranar. Kuna ƙanana aka yi abin, kun tsinci kai a bakin wannan, kun tsinci ƙafa a bakin wancan, kun haɗa kun ɗinka wa matar da ta goye ku rigar da ba tata ba. Ni na tura mashin ɗin nan a cikin laka, don haka ni zan faɗa muku yadda aka yi.

Babanku Ishaku ya rasu da bazara, ya bar mini ku uku, da mahaifiyarsa Iya da take zaune tare da mu a Samaru, da tsohon jan mashin ɗinsa. Mashin ne mai nauyi, irin na da, wanda sai ka hau kik da dukan jikinka kafin ya tashi. Tun yana raye ya koya mini tuƙa shi a filin makaranta ran Lahadi bayan sujada, yana gudu a bayana yana ihu in saki totur, ni kuma ina ƙara murɗawa. Wasa muka ɗauke shi a lokacin. Da ya rasu, ofishin malaman gona suka ce za su ɗauke ni in riƙa koya wa matan ƙauye adana wake da sarrafa waken suya, amma da sharaɗin ina da abin hawa, don aikin daga Bomo yake farawa har ƙauyukan bayan Shika. Na ce ina da shi. Na ɗinka wando mai faɗi na sa a ƙarƙashin zane, na ɗaure ɗankwali tamau, na hau. Ɗaliban jami'a suna tafa mini a bakin titi, tsofaffi suna riƙe baki, ni kuwa gabana kawai nake kallo.

Wan babanku, Yaya Bitrus, wanda yake zaune a Jushi, bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Kada ku ɗauka mugu ne. Dattijon ikilisiya ne, mutum mai tsari, kuma a ganinsa 'ya'yan ƙaninsa nauyinsa ne tunda jininsu ne. Ya zo Samaru da yamma, ya zauna a kujerar babanku, ya sha ruwa, sannan ya buɗe baki.

"Rahila, wannan abin ba zai ɗore ba. Mace da mashin a daji, da damina? Ki sayar da shi. Dauda da Markus su dawo wurina, Hannatu ta tafi ƙauye wurin gwaggonta, ke kuma ki koma gidanku ki huta."

"Yaya, ba hutu nake nema ba. A bar mini yarana."

"Da me za ki riƙe su?"

"Da aikina."

Ya dubi mashin ɗin, wanda a falo yake kwana saboda ɓarayi. Sai ya ce to, shi ba zai yi mini dole ba, a bari har a gama girbi. In aikin ya tsaya da ƙafarsa, ya bar mini ku. In bai tsaya ba, dangi za su zauna a gidansa a raba ku yadda ya faɗa. Iya tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun nata shi mutane suka riƙe daga baya suka ce ai dama bakinsu ɗaya da ɗanta.

Ruwa bai daɗe da sauka ba mashin ya fara ba ni wahala. Da safe kik ɗaya zai tashi, ya yi ta ƙugi lafiya lau a cikin Samaru. Sai na yi nisa, na wuce gidaje na shiga gonaki, sai ya fara tari. Ya fizga, ya saki, ya fizga, ya saki, in murɗa totur ya ƙi amsawa, salansa ta yi harbi tau, sannan ya yi laƙwas ya mutu. In sauka, in buɗe tanki in leƙa, mai na nan. In rufe, in ɗan tsaya ina share gumi, in buga kik, sai ya tashi kamar ba shi ba. In yi gaba kaɗan ya sake. Tafiyar da ya kamata in gama kafin rana ta yi zafi, sai azahar nake isa, matan da suka taru a gindin mangwaro sun gaji sun koma gona. Har shugabana a ofis ya kira ni ya ce ƙorafi ya yi yawa, in ba zan iya ba akwai masu jira. Na fito ofishinsa na san ba aikin kaɗai zan rasa ba.

A unguwa kuwa an riga an gano cutar. Wata a zumuntar mata ta ja ni gefe ta ce mashin ɗin makokin mai shi yake yi, ba zai yarda da kowa ba. Wani maƙwabci ya ce ƙarfen namiji ne, ba ya son zane. Na ji haushi ƙwarai, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na tsaya a hanyar Bomo na dafa tankin na ce masa, "Haba, ko don yaran Ishaku." Bai ji ba.

Bakaniken babanku shi ne Malam Garba, Bazazzagi, mai rumfa a Sabon Gari kusa da masu sayar da kayan mashin. Dogon mutum ne marar gaggawa, kullum da allura soke a hularsa. Tun mashin ɗin yana sabo yake duba shi, kuma ya zo mana gaisuwa da babanku ya rasu. Da na kai masa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in durƙusa kusa da shi in gani da idona.

"Maman Dauda, inji abu uku yake ci: mai, iska, wuta. In ya yi tari, ɗaya ne ya yi masa kaɗan ko ya yi masa yawa. Ba aljani, ba makoki. Za mu bi su ɗaya-ɗaya."

Ya fara buɗe tanki ya leƙa, yadda kowane bakanike yake yi. Ya kwance filogi ya nuna mini bakinsa. Ya ce in baki ne ƙirin da toka, mai ya yi yawa. In fari ne fat, yunwar mai yake ji. Mai lafiya kalar ƙasa yake. Nawa ya yi fari. Ya jingina filogin a jikin inji ya sa na buga kik, muka ga wuta shuɗiya tana tsalle, ya ce wuta dai ga ta. Sai ya sauke kabureta, wato ɗan kwanon da mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji, ya zazzage ta a faranti. Ga ruwa, ga tsatsa, ga ƙasa. Shekarar ana wahalar mai, a galan nake saye a bakin titi, kuma Allah kaɗai ya san abin da ake zuba masa. Malam Garba ya wanke ta tas, ya busa 'yan ƙananan kafofinta da baki har iska ta fita, ya wanke soson da yake tace iska, ya sa sabon filogi. Ya hau ya zaga kasuwa ya dawo, mashin yana waƙa. Na koma Samaru ina godiya ga Ubangiji. Washegari, kafin in kai Shika, tari ya dawo.

Haka muka yi ta yi. Ya ce tunda sai ya yi nisa yake yi, wataƙila koyil ne, wanda yake ba filogi wuta, yake gajiya in ya ɗauki zafi, aka canza koyil. Aka canza tiyon mai. Aka sake sauke kabureta, ni da hannuna wannan karon, yana tsaye a kaina yana cewa in yi a hankali da allurar ciki. Na koyi tace mai da tsumma kafin in zuba. Na koyi jin silo da kunne, wato ƙugin inji in mashin yana tsaye, in san ya yi sama ko ya yi ƙasa. Farcena ya yi baƙi har Hannatu ta ƙi cin tuwon da na kwasa. Salansa ta ƙone ni a ƙwauri ranar da na faɗi da shi a laka, tabon da kuke tambaya kuna yara ina ce muku girki ne. Duk da haka a rumfar Malam Garba mashin bai taɓa yin tari ba ko sau ɗaya. Abin ya dame shi fiye da yadda yake nunawa.

"Wallahi mashin ɗin nan kunyana yake ji," in ji shi. "Ni dai ki kawo mini shi yana cikin ciwon. In ba haka ba, ki zama kunnena. In ya mutu kada ki yi sauri. Ki lura da duk abin da kika yi kafin ya tashi, ko ƙanƙani ne."

Dawa ta fara fitar da kai, masara ta nuna, ni kuwa ina ganin girbi yana matsowa. Yaya Bitrus ya aiko a tambayi lambar takalmin Markus, wai zai saya masa na makarantar Jushi. Ranar na shiga bayan gida na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na fito na dafa muku abinci.

Ranar da abin ya warware, buhun irin waken suya zan kai wani ƙauye bayan Bomo. Bayan mashin ya cika da kayan gwaji, sai na ɗora ƙaramin buhun a kan tanki na ɗaure da roba. A tsakiyar gonaki ya yi tarinsa ya mutu. Na sauka, na dubi ɗaurin nan, na ce ba zan kwance ba, ai na san akwai mai, da safe na zuba. Na jira yadda na saba jira, na buga kik. Ya ƙi. Na ƙara jira, har injin ya huce na iya dafa shi da hannu. Ya tashi, ya yi taku kaɗan, ya mutu. Nan maganar Malam Garba ta faɗo mini. Me nake yi kullum da ban yi ba yau? Na kwance buhun na ajiye a ciyawa. Wurin shiru ne, ba mota, ba mutum, ko iska ba ta kaɗawa. Na murɗa murfin tanki, sai na ji fuuu, tankin ya ja iska ciki kamar wanda aka toshe wa hanci aka sake shi. Sau nawa na buɗe murfin nan a bakin titi ban ji ba saboda ƙarar motoci da tashin hankalina. Na ɗan dakata, na buga kik ɗaya, ya tashi.

Ban yarda nan da nan ba, don mashin ɗin ya sha yaudarata. Na mayar da buhun baya na danne, na rufe murfin tamau, na tafi. Da ya fara fizga, ban tsaya ba, na sa hannun hagu na sassauta murfin ina tafe. Ya yi tari biyu, ya gyara murya, ya miƙe. Na sake rufewa, can gaba ya sake farawa, na sake sassautawa, ya sake miƙewa. 'Ya'yana, ni kaɗai a tsakiyar gonar mutane na rangaɗa guɗa. Wani manomi ya ɗago daga cikin dawa yana kallona, na ɗaga masa hannu na wuce. Ranar na riga matan isa gindin mangwaro.

Daga ƙauyen ban biya gida ba, Sabon Gari na zarce da murfin a sassauce, mai yana ɗan fantsamo mini a zane. Na tarar da Malam Garba ya idar da sallar la'asar. Kafin in gama bayani ya dafe kai.

"Kafan iska! Murfin yana da 'yar kafa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ta toshe, tanki ya riƙe man ya hana shi gangarowa. Ni kuma duk zuwanki abin da nake fara yi shi ne buɗe murfin. Ashe da hannuna nake ba shi magani kafin in duba shi."

Ya kifa murfin, ya zare allurar hularsa ya tsokana. Wani baƙin abu ya fito, mai ɗan danƙo. Ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ɗiga ruwan buta. Abin ya yi kumfa. Ya dube ni, na dube shi, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Maman Dauda, wa ke wanka da sabulun salo a gidanki?"

Mutum ɗaya ce. A hanyar komawa Samaru mashin yana gudu kamar sabo, amma zuciyata ta yi nauyi, don ni ma tunanin da kuke yi yanzu shi na fara yi. Na sami Iya a tsakar gida tana tankaɗe. Ban yi mata tsawa ba, uwar mijina ce. Na durƙusa na nuna mata murfin da ɗan baƙin abin a tafin hannuna, na tambaye ta ko ta san shi.

"Ni na sa," ta ce, ko ɗar babu. "Ya fita ne? Kawo in mayar."

Sai ta ba ni labari. Tun da ɗanta ya rasu, ita take goge mashin ɗin kowace safiya kafin in tashi, abin da ban sani ba. Tana jin warin mai a falo, tana kuma ganin yadda nake wahala kafin in samo galan ɗaya. Ta bi warin da hanci har murfin, ta kifa shi, ta ga 'yar kafa. Ta taɓa ganin babanku ya liƙe yoyon tanki da sabulu, don mai ba ya narkar da shi. Ita kuwa Iya, kun san ta, ba ta iya ganin huda ta bari, ƙwarya ce ko bokiti ko buhu. Sai ta cusa sabulunta ta shafe. Kuma duk bayan 'yan kwanaki tana dubawa ta ƙara.

"Na ce kada iska ta riƙa shanye miki man, 'yar nan. Ke kaɗai kike nema."

Da na yi mata bayanin abin da kafar take yi, da abin da shugabana ya faɗa, da takalmin Markus, sai rariyar ta faɗi daga hannunta. Ban taɓa ganin Iya ta yi kuka irin na ranar ba, ko ranar jana'izar ɗanta ta fi haka daurewa. Tana cewa da hannunta ta kusa raba marayun Ishaku. Ni na koma ina rarrashinta. Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru ranar da Yaya ya zo. Ta ce a gidansu uwa ba ta sa baki tsakanin ɗanta na fari da matar ƙaninsa, amma kowane dare addu'arta ɗaya ce, kada a fitar da ku daga gidan.

Daga ranar mashin bai sake yin tari ba sai in ni na zuba masa gurɓataccen mai, kuma wannan na san maganinsa. Na rama duk zuwan da na rasa. Matan Bomo suka fara yin awara suna kawowa kasuwar Samaru, shugabana ya daina kirana ofis sai don ya ƙara mini ƙauyuka. Amma kada ku ɗauka kyauta na sha. Yaya Bitrus ya ji zafin abin da ya faru a Jushi, wanda yanzu zan faɗa muku, ya yi shekaru ba ya taka gidanmu, gonar babanku ta ƙauye kuma ban sake jin labarinta ba, ban kuma tambaya ba. Na san abin da na zaɓa.

Da aka gama girbi, duk da aikin ya tsaya, saƙo ya zo cewa dangi za su zauna a Jushi ran Asabar. Na shirya, na fito da mashin, sai ga Iya ta fito da zanenta na zuwa coci da mayafi. Matar da ko keke ba ta taɓa hawa ba, wadda in mota ta yi gudu take kiran sunan Yesu da ƙarfi. Na ce ta bari in samo mata tasi. Ta ce in matsa gaba. Ta hau ta zauna a karkace, ta ƙanƙame ni har ina jin ƙasusuwan hannunta a cikina, ta rufe ido. Haka muka bi titi tun daga Samaru har Jushi, injin bai yi ko gyaran murya ba. Muka shiga layin Yaya, mutanen gidan suna zaune a waje a kan benci, na tsaya daidai gabansu na bar shi yana silo kafin in kashe.

Iya ta sauka da kyar, ta gyara mayafi. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, Babba take ce masa. Yaya ya taso da sauri zai kama hannunta, yana faɗan wa ya ɗora tsohuwa a kan wannan abu. Ta ɗaga masa hannu, ba ta ko zauna ba.

"Babba, ni na ɗora kaina. A kan mashin ɗin nan na zo, a kansa zan koma. Aikin yarinyan nan ya tsaya, na gani da idona. Yaran Ishaku suna Samaru, can za su kwana yau, can za su girma. In akwai sauran magana ku yi ta da sauri, na bar musu wake a wuta."

Aka kawo ruwa muka sha, aka yi addu'a, muka hau muka dawo. Kuna bakin ƙofa ku uku kuna jira, Markus ba takalmi, kuka rugo da kuka ji ƙarar mashin. Iya ta sauka ta ce ku je ku wanke hannu.